Tambayi Kawu: Wai me ya kashe sinima ne, kuma ina kallo ya koma?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan maganar kallo ne, sinima da gidan kallo da waya, sai ka ce haɗa baki aka yi. Na ɗebo wasu na amsa, waɗanda ba su ga nasu ba a yi haƙuri wuri ne ya yi kaɗan. Kamar kullum mun cire sunaye mun bar gari.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Babanmu kullum in ya ga muna kallo a waya sai ya ce mu ba mu san kallo ba, wai su in sun je cin rani Kano sai sun tara kuɗi sun shiga sinima, har yau yana ba da labarin kamar jiya aka yi. Ni kuma na ji ana cewa ko a Amurka mutane sun rage zuwa sinima saboda su Netflix. Shin abin da ya kashe tasu shi ya kashe tamu? Kuma da gaske abin ya kai yadda Baba ke faɗa?

AMSA: Ɗana Allah ya yi albarka. Babanku bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. Kano tana da sinima tun 1937 da aka buɗe Rex, daga baya aka samu su Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Wapa da Marhaba, kuma yawancinsu fili ne kawai aka zagaye da doguwar katanga babu rufi a sama, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya yi sosai. Ɗaruruwan mutane zaune kan benci, haske ya taso daga wata 'yar taga a bayanku ya bi ta saman kawunanku ƙwari na ta yawo a cikinsa ya je ya faɗa kan farin bango, fuskar jarumi ita kaɗai ta fi ɗakin babanku tsawo. In bos ya fito a yi ta zaginsa, in jarumi ya rama duka wuri ya ɗau ihu da fito har unguwar maƙwabta sai an ji, in kuma zaren fim ya tsinke ana tsaka da faɗa to mai injin sai ya sha zagi har kakanninsa kafin ya haɗa. Ba mai jin Indiyanci, lokacin babu fassara, amma kullum akwai wani a gefenka da ya haddace fim ɗin yana ba ka labari tun kafin abu ya faru, kana jin haushinsa kuma kana saurare. A waje ga masu rake ga mai shayi ga mai tsire. Yaron da ya baro ƙauye ya wuni yana ga-ruwa a Fagge, ya shiga irin wannan wuri da 'yan kwabbansa, ta ina zai manta?

Amma ka koma ka yi wa Baba tambaya ɗaya, ka ce mishi Inna ta taɓa shiga? Zai ce maka a'a, ƙila ma ya harare ka. To nan maganar take. Sinimar nan tun asali ta maza ce, mazan ma matasa, matasan ma na birni ko waɗanda cin rani ya kai birni. Macen da aka gani a ƙofar sinima shikenan an gama da sunanta, yaro in aka ji ya je sai bulala, malamai kuma tun farko ba su yarda da ita ba. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano mutum sama da 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu, mutane da yawa a lokacin suka ɗauki abin a matsayin ishara kuma wannan tabon bai taɓa gogewa ba. Ga hayaƙin taba, ga 'yan daba a wasu wuraren. Mu mutanen karkara abin da ya zo mana har gida majigi ne, motar gwamnati ta zo da injinta a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci ko filin firamare, a nuna yadda ake zuba taki ko amfanin rigakafi a haɗa da ɗan wasan ban dariya, wannan kam kowa na fitowa har tsofaffi mata, sai dai akan shekara ba ta dawo ba.

Sai talabijin ta zo, NTA Kano da CTV 67 ta zamanin Abubakar Rimi wadda yanzu ake kira ARTV, suka riƙa sa fim ɗin Indiya mutum na kwance a ɗakinsa. Sai bidiyo da kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset, kafin shekara goma kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da kaset ana lodi zuwa ko'ina har Nijar. Su wa suka fi kallo? Matan aure. Su ɗin nan da aka hana shiga sinima sai ga kallo ya same su har tsakar gida kuma da harshensu, a aiki yaro ya karɓo haya, kishiyoyi da maƙwabta duk a taru. Ko a ƙauyen da babu wuta in mutum ɗaya ya sayi ƙaramin janareto ya wadatar da unguwa. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 aka rufe sinimomi na wani lokaci, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai, mutane suna yawan cewa wannan ne ya kashe sinima, ni dai a ganina ya tarar da ita tana jinya ne, don ko da aka sake buɗewa masu kallon sun riga sun saba da gida. Ɗaya bayan ɗaya filayen suka koma shaguna da wuraren ajiye kaya.

Na Amurka kuwa daban ne. Su can iyali ne ke zuwa, miji da mata da yara, al'adarsu ce ta ƙarshen mako. A 2002 an sayar da tikiti sama da biliyan 1.5, zuwa 2019 ya sauko wajen biliyan 1.2, wato tun kafin korona ana raguwa a hankali, talabijin ta gida na ƙara girma tana ƙara araha, Netflix kuma ya fara nuna fim ta intanet tun 2007. Korona ta zo a 2020 aka rufe ko'ina. A da sai fim ya yi kamar kwana 90 a sinima kafin a saki na gida, bayan korona manyan kamfanoni da yawa suka mayar da shi wajen kwana 45, sai mutum ya ce me zai sa in biya wa mutum biyar tikiti da gugguru alhali in na yi haƙurin wata ɗaya da rabi zai zo har falona. A 2022 Cineworld, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen sinima a duniya, sai da ya je kotu neman kariya saboda bashi.

To ka ga su waɗanda suke ciki ne suka fice, mu kuwa mafi yawanmu ba a taɓa shigar da mu ba. Netflix bai iso Najeriya ba sai 2016, kuma ka zagaya ƙauyenku ka ƙirga masu biyansa duk wata ka gani.

TAMBAYA: Kawu ina da gidan kallo a wani gari cikin Sumaila, rumfar kwano ce da benci da talabijin biyu da janareto. Da in na sa fim da daddare wuri cika yake, yanzu sai in tada inji mutum bakwai ko takwas, kuɗin mai ma ba ya fita. Amma ranar da Arsenal ko Madrid ko Barca ke wasa har a ƙasa ake zama. In daina fim gaba ɗaya ne?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, kuma ba kai kaɗai ba ne, masu gidan kallo daga Wudil har Gaya kukan nan suke. Dalilin a fili yake, ƙwallo ba ta shiga memori. In an buga an gama, wanda ya ji sakamako a rediyo ko ya gani a Facebook ba zai biya ko sisi ya kalla gobe ba, dole sai a lokacin, kuma dish da kuɗin wata da wutar da za ta kai minti 90 ba kowa ke da su a gida ba. Sannan rabin daɗin ƙwallo musu ne, ɗan Madrid so yake in an ci Barca ya juya ya ga fuskar abokinsa. Fim kuwa yaro zai je wajen mai turawa ranar kasuwa ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a cika masa memori, ya dawo ya tura wa abokai goma ta Xender kyauta, ya kalla a kan shimfiɗarsa ko a inuwa in an tashi daga gona, in an kira shi ya tsayar ya dawo ya ci gaba, in waƙa ta yi masa daɗi ya maimaita. Kai kuma abin da za ka ba shi benci ne da sauro da zafin kwano, ba cin fuska ba ne wallahi, lissafin da yaron ke yi kenan. Ga mai kuma, tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lissafin duk mai janareto ya rikice.

Fim na kowane dare ka daina shi, asara ce, kada ka ƙara tada inji don mutum bakwai. In za ka iya shiga adashi ka sa sola da batir ko da na talabijin ɗaya da fanka biyu ne, filasma ba ta cin wuta kamar mai ƙeyar nan ta da, da rana kuma ka jona allon caji masu wayar da suka guje ka su dawo su biya ka ta wata ƙofar.

Amma kasuwar da nake ganin an bari a banza ita ce mata da yara. Gidan kallo ya gaji halin sinima sak, maza zalla, alhali waɗanda suka riƙe fim ɗin Hausa tun zamanin kaset mata ne. Ka gwada lokacin sallah ko bayan girbi da kuɗi ke hannun mutane, ka ware yini guda da rana na mata da ƙananan yara kawai, yayarka ko matarka ta tsaya a ƙofa, namiji ko ɗaya kada ya shiga har kai kanka in ka kunna ka fita. Kafin nan ka je wajen mai unguwa da liman da 'yan Hisba ka faɗa musu abin da za ka nuna, ya zama rijistarka da hukumar tace finafinai tana nan daidai, kuma ka nemi izinin mai fim ɗin tunda kuɗi za ka karɓa a kan guminsa. Zai yiwu a garinku a ƙi, in an ƙi ka haƙura ba a jayayya da gari. Sai ka juya ta ɗaya hanyar, ka nemi ƙaramin majigi na zamani da farin ƙyalle ka riƙa ba da haya gidan biki da suna, a kafa a tsakar gida kai kana waje. Kuma don Allah in an kira salla a kashe, ɗan makaranta kada ya shiga lokacin karatu, mai shaye-shaye a kore shi ko nawa zai biya, irin waɗannan ne suka ɓata sunan sinima har yau ake fama.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni matar aure ce da yara shida a wani ƙauye ta wajen Dambatta. Maigidan ya yi ƙoƙari ya sa mana sola ya sayo talabijin da dish don yara su daina yawon gidajen mutane. Wata biyu aka yi ana ɗoki, yanzu ni da surukata kaɗai ke zama gabanta. Manyan kowa ya shige ɗaki da waya da abin kunne, ban san me suke kallo ba, in na yi magana su ce fassara ce. Shi ma maigidan in ya dawo daga majalisa wayarsa yake dannawa. Gida ya yi tsit. Ya zan yi?

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya shirya mana zuri'a. Saƙonki shi ya fi tsaya min a rai cikin duk na wannan karon, don ana ta cewa kallo ya bar sinima ya dawo gida, alhali a gidaje da yawa bai ma tsaya a gidan ba, wucewa ya yi ya shige aljihun kowa. Ke ai kin san yadda ake kallon kaset. A shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a ɗora talabijin kan turmi, tsohuwa na gefe tana tambaya wai wannan yarinyar ba ita ce ta mutu a na jiya ba, yara na dariya, in aka zo wurin da bai kamata ba sai ki ji wata babba ta ce kai tashi ka duba min tukunya, ko a danna a wuce da sauri kowa ya yi kamar bai gani ba. Wannan aiken na ƙarya tarbiyya ce babba, yaro na koyon abin da ake jin kunyarsa ba tare da an yi masa wa'azi ba. In mugu ya yi mugunta ya ji uwarsa ta yi tsaki, in aka wulaƙanta tsoho ya ji kakarsa ta yi salati. Yaron da ke ƙarƙashin bargo da abin kunne babu mai yi masa wannan.

Kuma kina da gaskiya da kika damu. Fassara kala-kala ce, akwai ta Indiya ta soyayya da faɗa wadda muka sani, akwai kuma finafinan wasu ƙasashe da ake ɗora musu Hausa ba a tace komai ba, sannan wasu masu turawa ba sa duba shekarun yaro, abin da ke cikin kwamfuta suke zubawa. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ke ba ki san wajen wa ɗanki ke zuwa ba.

Kada ki fara da ƙwace waya, za su koma ta abokai ne kin ga an koma gidan jiya. Ki fara da maigidan, ki nemi lokacin da ransa ke daɗi ki ce masa Alhaji kuɗin da ka kashe fa ni da Inna kaɗai ke cin moriyarsu, ko dare biyu a mako ka zauna da mu. In uba ya zauna yara za su fito ko don kunya. Sannan wani lokacin ki bar su su zaɓi abin da za a kalla, yawancin talabijin na yanzu suna da wurin sa filash a baya ko a gefe, ki ce wa babban ya kawo wannan fassarar da yake ta yabo a sa kowa ya gani. Abin da zai iya kawowa gaban kakarsa kin huta da shi, wanda ya ƙi kawowa kuma kin gane inda za ki sa ido. Shirye-shiryen mako-mako ma suna taimakawa, tun da Arewa24 ta fara a 2014 gidaje da yawa sun samu abin da ake jira tare rana ɗaya lokaci ɗaya, a tashi ana musun abin da zai faru a na gaba. Sai maganar caji, tunda solar a hannunku take ki sa doka cewa daga ƙarfe goma duk wayar yara a ɗakinki take kwana a jikin caji. Za a yi ƙunƙuni na ɗan lokaci, ki daure.

TAMBAYA: Kawu ni ango ne daga Gumel, ina so in kai amaryata Kano mu shiga sinimar zamani ko sau ɗaya ne, ita ma tana so, amma abokaina sun ce zubar da mutunci ne kuma wai haramun ne. Mene ne gaskiya?

AMSA: Ango Allah ya ba da zaman lafiya ya kawo ƙazantar ɗaki. Maganar halal da haram ta malamai ce, ka je wajen wanda ka yarda da iliminsa ka faɗa masa ainihin yadda wurin yake da irin fim ɗin da za ku gani, kada ka ce masa sinima kawai ka yi shiru don abin da zai faɗo masa a rai waccan ta da ce. Har yanzu sunan yana da nauyi a ƙasar nan, ka tuna 2016 da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa cikin Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca har aka fasa. A ɗaya gefen kuma Saudiyya da ta rufe nata sama da shekara 30 ta sake buɗewa a 2018.

Ta yanzu dai ba irin ta da ba ce. Bayan an buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo a 2014, kamfanin Filmhouse ya buɗe sinima a ciki, ɗaki rufaffe mai sanyi kowa da kujerarsa, da rana ma ana nunawa, mutane suka riƙa zuwa da iyalansu. Matsalar irin wannan a wurinmu kuɗi ne da nisa. Ka lissafa motar mutum biyu daga Gumel zuwa da dawowa, da adaidaita sahu a cikin gari, da tikiti biyu da abin taɓawa, za ka ga cefanen kwanaki ne, shi ya sa ba za ta zama abin kowane mako ba ga mutumin karkara. Amma in malaminka bai hana ba kuma aljihu zai ɗauka ni ina ganin ka kai ta, ku shiga na rana ku kamo hanya kafin magariba, ka sa wani ɗan'uwa a Kano ya fara leƙa maka wacce ke aiki da abin da ake nunawa ranar. Iyayenta mata ba wanda ya taɓa tambayarsu ko suna son gani.

TAMBAYA: Kawu don Allah me ya sa finafinan Hausa yanzu ba sa ƙarewa? Da na ɗaya da na biyu ne an gama, yanzu sai a shekara ana abu ɗaya, a zauna a falo a yi ta surutu, ga talla a tsakiya. Ko basira ce ta ƙare wa 'yan fim? Daga wani tela a Jahun.

AMSA: Malam tela basira ba ta ƙare ba, hanyar kuɗin ce ta canza. A zamanin kaset furodusa kan fara haska sabon fim a sinima musamman lokacin sallah ya ɗan tara na ƙofa, sannan ya buga kwali, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su sayi kwalin su kwafi fim ɗin a kaset ɗinsu su sayar, kowane kwali da kuɗinsa. Wato duk gidan da fim ya shiga akwai ɗan abin da ya koma wa mai shi, ko da masu satar fasaha na cin nasu a gefe. Aka zo zamanin CD aka ɗan lallaɓa. Da waya da memori suka yi yawa kasuwar ta rushe, mutum ɗaya ya samu fim ya tura wa gari guda wanda ya kashe miliyoyi bai ga ko kwabo ba, furodusoshi da yawa suka bar sana'ar. Sinima ce za ta cece su don ita kowane kai sai ya biya kafin ya gani, to amma 'yan ɗakuna ne a birni, ba za su riƙe masana'anta ba.

Sai aka koma YouTube da tashoshin talabijin, musamman daga 2020 da korona ta zaunar da kowa a gida masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka nuna akwai kasuwa a nan. YouTube kuwa ba don fim ya yi kyau yake biya ba, talla yake sakawa ya raba kuɗin da mai tasha gwargwadon yawan kallo, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa bai kai wanda aka yi daga Turai ko Amurka ba. To mai fim ya gane in ya yi awa biyu ya rufe labari ya gama cin abincinsa kenan, in kuwa ya ja shi kowane mako akwai abin shigowa, ga mai maganin gargajiya ko mai shagon atamfa da zai biya a sa tallarsa a tsakiya. Zaman falon da kake ƙorafi a kai shi ne mafi araha wajen ɗauka, gida ɗaya kyamara ɗaya a yi fitowa da yawa a wuni. Sannan wanda ya san a ƙaramar waya za a kalli aikinsa, ana ɗinki ana leƙawa, ba zai kashe kuɗi ya tara dawaki da jama'a a faɗin daji ba, fuska da magana kawai ake gani. Ni abin na damuna sosai, don akwai labaran ƙasar nan na sarauta da yaƙi da fatauci da ba za su yi kyau ba sai a babban bango.

Kai ma kana da ɗan abin yi a ciki. Wanda ka karɓa a memori ko sau nawa ka kalla mai fim ɗin ba ya samun komai, bai ma san ka kalla ba. Na san data ta yi tsada musamman tun ƙarin da aka yi a farkon 2025, kuma sabis a wasu ƙauyukan sai an hau tudu, ba zan ce kowa ya daina zuwa wajen masu turawa ba su ma abincinsu suke nema. Amma shirin da kake so da gaske wanda kake jira duk mako, ka daure ka kalle shi a tashar masu shi ko da datar dare ce mai araha, ka rage ƙarfin hoton zuwa 240 ko 360 don kada ta zuƙe, in talla ta fito ka bar ta ta ɗan yi tafiya. In kuma jan labarin ya ishe ka ka rubuta musu a ƙasan bidiyon ka faɗa musu.

Mai tambaya daga Kazaure a kan batirin sola da ke mutuwa kafin asuba, da Hajiyar da ta turo maganar dish ɗin da iska ke juyawa, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.